Amsa kan fugu da kente da ka gani a bikinmu

Ƙanena, na ga saƙonka bayan hotunan bikin 'yar Yaya sun iso muku Kano. Ka ga ango da wata gajeruwar riga mai ratsi-ratsi, amarya ta yafa kente, shi ne kake tambaya ko mun yar da babbar riga a Zangon Kumasi. Ba mu yar ba. Ka zo filin Idi ranar Sallah ka sha kallon shadda. Sai dai akwai abin da hoto ba zai nuna maka ba, wato zaren.

Kente saƙar Asante ce, mutanen da kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa. A garin Bonwire, kusa da mu, har yau maza ke zama a masaƙa suna fitar da ita ziri-ziri, faɗin kowane bai wuce tafin hannu ba, sannan a ɗinke su. A ƙarni na 18 masaƙansu kan sayi yadin siliki daga Turawan bakin teku, su warware shi zare-zare, su sake saƙa shi da nasu zanen. Ka duba wahalar! Shi ya sa kenten siliki ya zama kayan sarauta, kamar yadda alharini ya zama a wajenku lokacin da sai ya ƙetaro Sahara. Da zaren kanti mai sheƙi ya shigo, kuɗinsa ya sauka, talaka ma ya samu ya ɗaura. Yanzu kuwa har bugawa ake yi a masana'anta kamar atamfa. Zanen ɗaya ne, amma wata tsohuwa a nan za ta kama bakin zanen, ta juya bayansa, ta nemi ɗinkin da ya haɗa zirin. In babu, ba za ta ce komai ba, amma ta gama sanin matsayin kyautar.

Na amaryarmu saƙaƙƙe ne. Maƙwabciyarsu ce ta ba ta, wata dattijuwa 'yar Asante da ta goya ta tana jaririya. Da bugagge ta kawo, da an gode, an sa a akwati. Tunda na hannu ne, dole a yafa shi a gaban jama'a. Ni ina ganin wannan daidai ne, kuma da an ƙi, da mun yi abin kunya.

Rigar ango ita ce fugu, a kudancin Ghana a ce batakari. Mahaifiyarsa 'yar Yendi ce, a arewacin Ghana, inda fugu ce rigar gargajiya. Audugar hannu ce, kuma a Daboya, can ƙasar Gwanja, da baba ake rina zaren a rami, irin yadda kuke yi a Ƙofar Mata. Ranar da na fara jin warin marinarsu, labarin da Kaka ke ba mu na gida ne ya faɗo mini. Wannan rigar ta sha sauya ma'ana. Sarkin Asante yana da babbar batakari ta yaƙi wadda aka lulluɓe da layu: malamai suka rubuta, aka ɗinke cikin fata, har da ƙyar ake ganin yadin. Wannan ba ado ba ce, sulke ce. Ran 6 ga Maris 1957 kuma, da Kwame Nkrumah ya tsaya a Accra yana shelar 'yancin Ghana, fugu ce a jikinsa da na abokansa, saƙar mutanen arewa, ba kwat ɗin Bature ba. Tun daga nan ta zama rigar ƙasa.

Rigar Kaka tana wurina. Saƙi ce, da aikin aska takwas na zaren tsamiya, wato silikin daji, allura ce ta yi shi tun daga wuya har aljihu. Ta yi nauyi, ta koɗe a kafaɗa, amma in na sa ta dattawan Zango kan miƙa hannu su shafa aikin kafin mu gama gaisawa. Aikin keke da ke jikin shaddata babu wanda ya taɓa shafawa.

Don Allah ka bincika mini a Kurmi ko har yanzu akwai mai yin aikin hannu da tsamiya ta gaskiya, da kuma watannin da zai ɗauka. Auren babban ɗana na tafe bayan Babbar Sallah. Ka gaishe mini da Inna.