Tambaya da Amsa: Shandaliya da fitilun gilas na rataye

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin gyaran gida. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk akan fitilu ne, su shandaliya da ƴan ƙananan nan na gilas da ake saukowa dasu da waya saman teburin cin abinci ko kanta, inaga don bukukuwa sun matso ne kuma masu gini nata ƙoƙarin tarewa. Wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri, dayawa tambayar iri ɗaya ce.

Tambaya: Malam barka da aiki. Wata mai saida kayan ɗaki a Instagram ta turo min hoton shandaliya tace aikin hannu ce daga Italiya, wai Murano, kuɗin da ta faɗa ya ninka wanda na gani a kasuwar Sheikh Gumi wajen sau biyar alhali ni a hoto kusan iri ɗaya nake ganinsu. Dan Allah meye bambancin, kuma ya zanyi in gane ba cutata za'ayi ba? Daga wata uwargida, Malali.

Amsa: Hajiya bambanci kam akwai, kuma babba. Murano tsibiri ne a gefen birnin Benis, tun 1291 hukumomin birnin suka tattara masu tanderun gilas suka maida su can saboda tsoron gobara, har yau kuma a can suke, iyaye na koyawa ƴaƴa. Yashi mai kyau ake haɗawa da soda da farar ƙasa a zuba a tanderun da zafinsa ke kaiwa digiri 1,400 ko fiye, in ya narke sai maigidan ya zura dogon bututun ƙarfe ya naɗo shi yana zuba kamar zuma, yana juyawa yana hurawa da baki, yaransa na miƙo masa almakashi da awartaki yana ja yana lanƙwasawa har ganye ko fure ko hannun fitila ya fito, duk cikin ƴan mintuna kafin ya huce. Kalar ma a cikin narkin ake sata, wani ma'adini da ake kira kobal na bada shuɗi, ƙarfe na bada kore, akwai wani ja mai zurfi da zinare ake samunsa. Bayan an gama sai a saka a wani tanderu daban mai zafin kusan digiri 500 a barshi yana hucewa a hankali, wani har kwana, don in aka yi gaggawa anan to wata rana kina zaune zakiji ƙas ya tsage da kansa ba wanda ya taɓa. Wannan wahalar ce kike biya.

Yanzu yadda zaki gane. Kada ki tura ko sisi akan hoto, sai kin riƙe da hannunki ko wani naki ya riƙe. Ki ɗauki ganye biyu ko kofi biyu ki jera, aikin hannu baya taɓa zama daidai wa daida, ɗaya zai ɗan fi ɗaya tsawo ko kauri, sau dayawa zaki ga ƴan ƙananan kumfar iska a ciki, wani kuma a gindinsa akwai tabon inda aka ɓalle shi daga jikin ƙarfe. Wanda inji ya zuba kuwa zaki ga siririn layi ya bi gefensa daga sama har ƙasa, wajen da mazubin ya haɗe kenan. Ki kankari kalar da farce ta wajen da baya nunawa, in ta ɓare fenti ne aka fesa, kuma zafin ƙwan fitila zai cinye shi. Ki ɗora a kumatunki, gilas sanyi gareshi da nauyi, roba kuwa ba sanyi ba nauyi, kuma ita ce ke komawa ruwan ɗorawa bayan ɗan lokaci.

Amma fa ki lura, zama aikin hannu daban, zama na Murano daban. A Sin ma ana hura gilas da baki, garin Guzhen dake lardin Guangdong kusan ba abinda sukeyi sai fitilu kuma daga can ne mafi yawan na shagunanmu ke fitowa, haka ƙasar Cek da Turkiyya da Masar duk sunada masu wannan sana'a. Na Murano na gaske akwai tambarin da gwamnatin yankin Veneto inda Benis take ta kafa a 1994, Vetro Artistico Murano, da lambar masana'antar da tayi a jiki, ba kowace masana'anta ce ke cikin tsarin ba amma ko babu tambarin dole mai saidawa ta iya faɗa miki sunan inda aka yi ta nuna takarda. Sannan a wargaje take zuwa, kowane hannu da ganye a naɗe daban, ki tambaya ko an haɗo da safaya don in ɗaya ya fashe a Kaduna ba inda zaki samu irinsa. Ni dai a ganina ba wani abin kunya a rataya ta Sin, akwai masu kyau ƙwarai, abinda ke min ciwo shine a saida miki ta Sin a kuɗin ta Italiya.

Tambaya: Malam ni amarya ce, saura wata ɗaya biki. Falona ƙafa 14 ne da 16, an yi POP, kuma akwai fanka a tsakiya. Wace girma zan siya, kuma POP ɗin zai ɗauka? Daga ƙanwarka a Kinkinau.

Amsa: Allah ya sanya alheri ƙanwata, ya bada zaman lafiya. POP baya ɗaukar komai, ado ne kawai, shi kansa rataye yake, dan Allah ki riƙe wannan ko kin manta sauran. Shandaliyar gilas mai hannu shida ko takwas tana iya haura kilo 10, in aka ɗaure ta da sukuru a jikin POP ranar farko zata zauna lafiya, sai a hankali ya fara tsagewa, kuma ƙarƙashinta ne yara ke wasa. In gidan dekin ne a huda a kafa ƙugiya a jikin kankaren da kusar nan mai buɗewa a ciki, in rufin kwano ne a hau sama a gitta katako mai ƙwari ko ƙarfe tsakanin rafta biyu a ɗauro daga nan, POP ɗin rami kawai za'a masa waya da sarƙa su wuce. Ki sa angon ko yayanki ya tsaya akan mai wayarin ɗin ya gani da idonsa, kuma nauyin ya kasance akan sarƙa yake, wayar wuta ta zauna sakwa-sakwa, a kuma haɗa wayar atin ɗin nan mai kore da rawaya a jikin ƙarfen fitilar.

Maganar girma akwai lissafin da masu adon gida ke yi, ki haɗa tsawo da faɗin ɗakin a ƙafa, abinda ya baki shine faɗin fitilar a inci. Naki 14 da 16 ya bada 30, wato inci 30, kusan santimita 76. Daga ƙasa zuwa gindin fitilar kar ya gaza ƙafa 7, to kinga in silin ɗinki ƙafa 9 ne bayan POP ya ci nasa, ƙafa 2 kacal ya rage miki, doguwa mai hawa uku bazata yiwu ba sai dai mai faɗi wadda ta ɗan lafe a sama. Saman teburin cin abinci ne zaki iya saukowa da ita sosai, santimita 75 zuwa 90 daga kan teburin, kuma anan ne ƴan ƙananan na gilas guda biyu ko uku a jere suka fi kyau.

Fanka kuma a zafin Maris da Afrilu na Kaduna bazan ce ki cire ta ba. Dai kar su zauna kusa, iskar na kaɗa gilasan suna gogar juna, in kuma hasken ya faɗo ta bayan fukafukan sai ɗakin ya dinga walƙiya har kai yayi ciwo. Ko a maida fanka biyu gefe da gefe fitila a tsakiya, ko a bar fankar inda take fitilar ta koma wajen cin abinci.

Tambaya: Salamu alaikum. Muna gyaran masallacin unguwarmu, wani bawan Allah ya bada kuɗi yace a sa babbar shandaliya a ƙarƙashin ƙubba irin ta ƙasashen Larabawa. Meye shawara? Daga wani ɗan kwamiti, Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya saka masa da alheri ya karɓa. Fitilar gilas a masallaci abu ne mai asali, a zamanin Mamluk a Masar da Sham, ƙarni na 13 da na 14, masu hura gilas sun yi fitilun masallaci da ake ratayewa da sarƙa ana rubuta aya ta 35 ta Suratun Nur a jikinsu da kala da ruwan zinare, ayar da ta ambaci fitila a cikin gilas, na masallacin Sultan Hasan dake Alƙahira suna cikin waɗanda suka fi shahara. Irin wadda mai bada kuɗin ke hangowa kuwa, misali babbar ta masallacin Sheikh Zayed a Abu Dhabi da aka buɗe a 2007, faɗinta mita 10 ne nauyinta ya haura tan 10, a Jamus aka ƙera ta da duwatsun gilas masu ƙyalli na kamfanin Swarovski, kuma tun a zanen ginin aka yi lissafin nauyinta.

Nan ne nake so kwamiti ya tsaya. Ƙubbobin masallatanmu na unguwa dayawa ƙarfe ne marar kauri aka lulluɓe da kwano, ba'a yi su don ɗaukar kaya ba, saboda haka kafin a je kasuwa a fara kawo injiniyan gini ya duba ya faɗi kilo nawa wajen zai ɗauka, a sa wayar ƙarfe ta biyu ta ko-ta-kwana, a kuma yi tunanin yadda za'a dinga sauko da ita ko a hau a goge, don na ga masallatai da shandaliyarsu tayi baƙi da ƙura rabin ƙwayayen sun mutu ba mai iya kaiwa wajen. Da ni za'a bi, tsarin masallatan Turkiyya ko na masallacin Muhammad Ali dake Alƙahira za'ayi, wato babban zobe na ƙarfe a rataye da sarƙoƙi, an jera masa ƙananan fitilun gilas zagaye. Nauyin ya rarrabu, hasken na sauka kan sahu inda dattawa ke karatu bayan Asuba, in guda ta fashe ita kaɗai za'a canza, kuma zoben maƙeran Panteka zasu iya yinsa tsaf. In kuɗi yayi saura a nemi izinin mai shi a ƙara a sola ko wajen alwala.

Tambaya: Tawa ƙwayayen basa daɗewa suke ƙonewa, kuma inbata na kuka in na kunna. Yayana ne ya aiko min daga Amurka. Daga wani magidanci, Barnawa.

Amsa: Ɗan'uwa wutar Amurka bolt 120 ce tamu 230, ƙwan da ya zo da ita bazai rayu anan ba, mazaunin ƙwan ma nasu E26 da E12 ne namu E27 da E14, sai mai wayarin ya canza maka su gaba ɗaya. Ka koma LED, ƙwai 12 masu wat 40 sun ci wat 480, irinsu na LED masu wat 4 kuwa 48 ne duka. Ka nemi mai rubutun 2700K ko 3000K, shine haske mai ɗan ja-ja da ke fito da kyan gilas, farin nan ƙal na 6500K kashe kalar yake. Ka sa na'urar da ke katse wuta in ta zo da ƙarfi fiye da kima. Masu shirin siya kuma ku guji wadda hasken ke manne a jikinta ba ƙwai, mai rimot ɗin nan, in ɗan akwatin cikinta da masu gyara ke kira direba ya ƙone samun daidai shi aiki ne.

Tambaya: Anti na ce ta bar min tata, hunturu ya sa ta yi futu-futu. Ya ake wankewa? Daga wata ɗaliba, Unguwar Dosa.

Amsa: Ki kashe wuta ki bari ta huce, ruwan sanyi akan gilas mai zafi fasa shi yake. Ki ɗau hotonta ta kowane gefe kafin ki cire komai, ki shimfiɗa bargo a ƙasa, ki sa tawul a gindin roba ki zuba ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ɗaya bayan ɗaya, ki goge da tsumma mai laushi nan take. Kar ki dinga juya fitilar don ki kai ɗaya gefen, ke zaki zagaya da tsanin, juyawar na murɗe waya tana kwance ƙugiya. Masu buɗaɗɗen baki ta sama sai kin ƙara leƙawa farkon damina lokacin da shinge ke fitowa.

Tambaya: Malam na gama sakandare ina sha'awar wannan sana'ar, a Najeriya ana yi kuwa? Daga ƙaninka a Tudun Wada.

Amsa: Wannan tambayar ta faranta min rai ƙanena. Ana aikin gilas a ƙasar nan tun da daɗewa, a Bida ta jihar Neja akwai unguwar Masaga inda Nufawa ke narka kwalabe a tanderun ƙasa da zugazugi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, wannan na cikin sana'o'in da suka sa UNESCO ta saka Bida a jerin biranen sana'ar hannu a 2021. In karatu kake so kuma ga Zariya nan kusa, Jami'ar Ahmadu Bello nada sashen fasahar gilas. A Kenya akwai Kitengela, a Eswatini akwai Ngwenya, dukansu tsofaffin kwalabe suke narkawa su hura kayan da Turawa ke siya da tsada, mu kuwa kwalaben na nan zube a bola.

Tanderun hurawa dai yanada tsada don dare da rana yake ci gas, saboda haka ba daga nan zaka fara ba. Ka fara koyon wayarin wajen oga na gari ko shekara ɗaya ce, ka saba da masu walda a Panteka su dinga maka firam, ka sayo duwatsun Bida ka jera, ko ka koyi yanka manyan kwalabe masu kala kana maida su fitilar rataye, masu gidajen abinci da wuraren shan shayi na zamani a Unguwar Rimi da Barnawa irin abinda suke nema kenan. In zaka yanka ko ka goge bakin kwalba ka sa tabarau da safar hannu, kuma da ruwa ake gogewa don garin gilas in ya shiga huhu baya fita. In ka haɗa ta farko ka turo mana hotonta.