Thag ɗin Ba'indiye daban, thug ɗin Bature daban

Ɗana, ka tambaye ni ko duk inda ka ci karo da kalmar thug a fim ɗin Indiya da muke fassarawa sai ka sa "ɗan daba". A'a. Fara duba daga bakin wa ta fito.

Kalmar 'yar Indiya ce. A Hindi, thag shi ne mazambaci, ɗan damfara, mai zaƙin bakin da zai raba ka da kuɗinka kana yi masa godiya. Babu wuƙa a cikinta, babu gora. Turawan Ingila ne suka are ta lokacin da suke mulkin Indiya.

A zamanin akwai wasu 'yan fashi da ke bin hanyoyin fatake, amma ba tare hanya suke yi ba. Ayari suke shiga kamar su ma matafiya ne, a ci tare, a sauka zango ɗaya, kwana da kwanaki, har a saki jiki da su. Sai an kai inda ba kowa, ɗaya ya zagaya ta baya ya shaƙe mutum da ƙyalle, sauran su danne hannu da ƙafa. A binne gawa, a raba kaya. Wannan yaudarar ce ta sa ake ce musu thag.

Wani hafsan Ingila, William Sleeman, shi ya shahara wajen farautarsu daga garin Jabalpur. A 1835 aka ba shi shugabancin sashen da ke yaƙi da su, a 1836 kuma aka yi dokar ɗaurin rai-da-rai ga duk wanda aka tabbatar ɗan ƙungiyar ne. Sai dai yawancin shaidar daga bakin kamammu ta fito, masu tona asirin 'yan'uwansu don su tsira da wuyansu. Shi ya sa masana tarihi da dama ke ganin Turawa sun ƙara gishiri, musamman zancen cewa duk don bautar Kali, wata abar bauta ta Hindu, ake kisan. A 1839 wani Bature, Philip Meadows Taylor, ya fitar da littafin labari a kansu, ya yi kasuwa a Ingila, kalmar ta bazu. Daga nan ma'anar zamba ta zube a Turanci, ta ƙarfin tuwo ta zauna.

To idan jarumi na magana da Hindi ya ce thag, sa "ɗan damfara" ko "macuci", ko da rubutun Turancin da ke ƙasan hoton ya ce thug. Idan da Turanci aka faɗa, kuma ga ƙato riƙe da sanda, ɗan daba ne. In ɗan siyasa ke ciyar da shi, ɗan banga ko ɗan jagaliya. Kada ka taɓa kalare ko sara-suka, na Gombe da Bauchi ne, ba za su zauna a bakin mutumin Mumbai ba. Mayar da fim ɗin baya kaɗan, ka saurari muryar kafin ka rubuta.