Tari ya dawo bayan an gama maganin tibi: amsoshin likita kan funfunar huhu

Tambaya daga Gusau: Salam likita, mahaifina ya sha maganin tarin fuka (tibi) wata 6 cif aka ce ya warke, yanzu shekara biyu kenan sai ga tarin ya dawo har da jini a kaki, duk ya rame, an yi gwajin kaki sau biyu ba a ga tibi ba amma ana maganar a sake ɗora shi kan maganin. Dan Allah meye shawara?

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya irin wannan labarin yana damuna sosai don mun sha ganinsa. Tibi ko ya warke yakan bar kogo a cikin huhu, toh akwai wata funfuna da ake kira Aspergillus wadda kullum muna shaƙarta a ƙura da rumbun hatsi da ruɓaɓɓen ganye, mai lafiyayyen huhu ba ta yi masa komai, amma in ta samu wannan kogon sai ta zauna ta yi ta girma har ta dunƙule kamar ƙwallo. Alamunta kuma sak na tibi ne, tari, rama, kasala, jini a kaki, shi ya sa ake ta maimaita wa mutum maganin tibi wata da watanni alhali ba shi ne ciwon ba.

Ku koma wajen likitan ƙirji ku ce a duba wannan, a yi hoton ƙirji, in da hali a yi sitii sikan (hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla), sannan gwajin jini na gano wannan funfunar, wanda ake kira Aspergillus IgG. In ita ce, maganin da aka fi farawa da shi itraconazole ne kuma aƙalla wata 6 ake sha, wasu har shekara ko fiye, wani kuma tiyata ake masa a cire wurin in guri ɗaya ne kuma sauran huhun na da ƙarfi. Abu ɗaya da nake so ku riƙe, rifampicin da ke cikin maganin tibi yana karya ƙarfin itraconazole, kar a haɗa su ba da sanin likita ba. In kuma jinin ya fara zuwa da yawa ku tafi asibiti a take, ko tsakar dare ne.

Tambaya daga Maraɗi: Likita yayata tana da ƙanjamau, ta daina shan magani, numfashi ya riƙa yi mata wuya aka ce funfuna ce a huhu, sati biyu ta rasu. Wata da aka kwantar da su tare ta tashi. Me ya bambanta su?

Allah ya jiƙanta ya ba ku haƙuri, ɗan'uwa. Kwana na Allah ne, amma a ɓangarenmu akwai abubuwan da muke gani suna tasiri. Na farko garkuwar jiki, idan CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake aunawa a jini, ya sauka ƙasa da 200 wata funfuna mai suna Pneumocystis takan kama huhu, kuma Septrin ɗin nan da ake ba masu ƙanjamau kullum ita ke tare ta. Sai lokacin da aka zo asibiti, wanda ya zo yana iya tafiya da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda sai an sa masa oksijin ba. Ciwon suga da ba a kula da shi, ciwon ƙoda, tsufa, rashin abinci mai gina jiki, duk suna ƙara nauyin ciwon. Haka masu shan dexamethasone don su yi ƙiba, wallahi garkuwarsu suke rusawa, a Indiya a 2021 lokacin korona suga da irin wannan maganin ne suka buɗe wa wata muguwar funfuna da ake kira baƙar funfuna ƙofa.

Tambaya daga Kano: Ina kiwon tattabaru da kaji, akwai haɗari? Kuma ana ɗauka daga mutum?

Busasshen kashin tsuntsaye da na jemage yana iya ɗaukar funfuna. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki sa takunkumi, mai raunin garkuwa kuma kar a bar masa aikin. Aspergillus ba a ɗaukarta daga mutum, ba sai an ware wa mara lafiya kwano ba. Kuma kar a je kemis a sayi maganin funfuna fluconazole, ba ya aiki a kan Aspergillus.