Aksal na baya da birki bayan ƙara ƙarfin inji

Ɗan'uwa, ka ce ka sa wa Hilux ɗinka turbo, na'urar ƙara ƙarfin inji, da manyan tayoyi, kana tambaya ko ka canza aksal na baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ko birki kawai. Fara da birki, kafin aksal. Sa sabbin takalman birki masu kyau, ka zubar da tsohon man birki ka zuba mai lamba DOT 4, wanda ya fi DOT 3 jure zafi. Aksal kuwa ka bar shi, sai in ka ji yana kuka ko mai na tsiyaya ta gefen taya.

In ka zo canza shi, sharaɗi ɗaya ne: motarka mai jan taya huɗu ce, dole lissafin haƙoran giyar cikin aksal na baya ya yi daidai da na gaba. Wani makanike ya taɓa sa mini wanda bai dace ba. Ina shiga yashi na sa giyar jan taya huɗu, mota ta fara ɗaurewa tana gurnani. Birkin kuma, a gangaren dutsen Ngaoundéré zuwa Garwa a Kamaru na san darajarsa, ranar da feda ta yi laushi, ƙauri ya cika motar. Ka sauka da ƙaramar giya, don Allah.