Ƙanena, kada ka sayi ƙashin "tsintuwar daji"

Assalamu alaikum. Wallahi tambayarka ta taɓa ni. Ka ce kana yin sarƙar wuya da mariƙin wuƙa da ƙashi, kana kuma tara ƙoƙon kan dabbobi, sai ga wani ya kawo maka kan gwanki da ƙahonsa ya ce a daji ya tsinta, da kanta dabbar ta mutu. Kana tambaya ko ka saya, in kuma a'a ina za ka samu na halal. Kada ka saya. Ko kyauta ya ba ka, kada ya kwana a shagonka.

Irin wannan maganar ce ta kusa raba ni da sana'ata. Wani dillali ne a nan Garwa, sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin unguwa, ya ci abinci a gidana ba sau ɗaya ba. Ya kawo mini kawuna biyu a buhu, ya rantse ƙishirwa ce ta kashe su lokacin bazara, wai makiyaya suka tsinto. Na wanke, na gyara, na haɗa da sauran kayana na kama hanyar Marwa. A shingen hanya ma'aikatan gandun daji suka zazzage buhun. Ɗayansu ya juya ƙoƙon, ya sa ɗan yatsa a wani ƙaramin rami bayan gurbin ido, ya ce wannan ba aikin ƙishirwa ba ne. Motar ta tafi ta bar ni, fasinjoji na leƙe ta taga kamar an kama ɓarawon akuya. Aka riƙe duk kayan, har da sarƙoƙin ƙashin shanu da na kwana ina gogewa, jarin da na ranta ne wurin yayata. Na kira mutumin, ya ɗauka, da ya ji inda nake ya kashe waya. Da na dawo kuwa ya ce bai taɓa sayar mini da komai ba, a gaban dattawan unguwa, idonsa a bushe. Har yau in mun haɗu shi ke fara miƙo hannu. Na bar shi da Allah, amma zuciyata ba ta huce ba, kuma kunyar da mahaifiyata ta sha ranar da labarin ya iso gida ita ce ta fi ci mini rai.

Ma'aikatan ba su zalunce ni ba, aikinsu suka yi. Dokar daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa dabbobi aji uku, A da B da C, ta kuma ce duk wanda aka samu da wani sashe na dabbar aji A ko B, wato waɗanda doka ta fi karewa, da rai ko a mace, shi ake ɗauka ya kama ta ko ya kashe ta. An sabunta dokar a 2024, hukuncin ma ƙaruwa ya yi. "Tsinta na yi" ba ta fid da kai. Turawan da ke farauta a yankunan kewayen gandun Binuwai da takarda suke fita da kawunansu. In mai kaya bai da takarda daga hukumar gandun daji, ka sallame shi. Kuma kowa a nan ya tuna giwayen gandun dajin Buba Njidda da aka karkashe da ɗaruruwa a 2012. Mai saye ne ya sa aka yi wannan ɓarna, ni ba na son kuɗina ya shiga ciki ko da dala ɗaya.

Je ka mayanka da asuba. Gai da Sarkin Pawa, ka gaya masa sana'arka, ka ƙulla da mahauci ɗaya ya riƙa ware maka ƙashin ƙauri da ƙaho. Ƙashin ƙaurin sa shi ne mai kauri da ke yin mariƙi, na raƙumi ya fi shi in ka sami mai kawo maka daga wajen Kusiri ko Njamena. Masu tsire da kilishi ma zubar da ƙashi suke yi. Da Babbar Sallah ka bi maƙwabta ka roƙi ƙahon rago, amma roƙo fa, don ba a sayar da komai na layya.

Mushe kuwa, ko na saniya ne, ka kiyaye. A Malikiyyarmu ƙashin mushe da ƙahonsa najasa ne, to yaya za ka rataya wa mutum a wuya ya yi salla da shi? Ga kuma ciwon saifa: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, ƙwayar cutarta na daɗewa shekaru a ƙasa da ƙashi, tana kama mutum. Haka masu yawo da kan ungulu, da yawa guba suke sa wa mushe su kwashe tsuntsayen. Shi ya sa mayankarmu ta yi shiru, da can ungulu har rufin kwano suke cikawa, abin yana damuna ƙwarai.

Ba ka tambayi wanki ba amma bari in faɗa. Kada ka tafasa ƙashi da ƙarfi, maiƙon shigewa yake yi ciki, daga baya ya yi rawaya yana wari. Jiƙa shi a bokiti mai murfi nesa da ɗaki, naman ya ruɓe ya saki, sannan ruwan ɗumi da omo kana canzawa har ruwan ya daina nason mai. Ruwan javel, wato bilic na faranta tufafi, yana cin ƙashi ya riƙa garin alli, oksijene na kantin magani, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, shi ke faranta shi lafiya. In kana goge da fayil ka ɗaure hanci, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji.

In wani ya kawo maka farin abu ya ce ƙashi ne, duba bakin yankan a rana. Ƙashi na da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, hauren giwa kuwa layuka ne masu gicciye juna. Haƙorin dorina ma ana kawowa daga wajen Lagdo, shi ma ka mayar wa mai shi. Ka riƙa rubuta ranar da ka karɓi kaya da sunan mahaucin a ɗan littafi, ka tafi da shi duk tafiyar da za ka yi da kaya.