Amsa: Kwamfuta na ta cinye ni a wasan ces, ya zan yi?

Malam, ka ce Stockfish, injin ces na shafin Lichess, yana ta lallasa ka, kuma ka kasa gane lambobin da yake nunawa bayan wasa. To da farko dai kar ka wani damu, tun 1997 injin Deep Blue ya doke Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, kuma injin da ke wayarka yanzu ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka sauko lebul 3 ko 4 cikin 8 ɗin da Lichess ke da su, ba abin kunya ba ne wallahi.

Lambobin kuwa, +1 na nufin fari ya fi da kamar soja ɗaya, in ka ga alamar ragi to baƙi ne a sama, #3 kuma saura motsi uku a kashe sarki. Kar ka ce sai ka bi kowane motsi, kanka zai ɗau zafi a banza. Nemi inda lambar ta faɗi warwas, misali daga +0.5 zuwa -3 in kai ne fari, kashe injin, ka nemo da kanka me ka bari. Galibi doki ne ya yi tsalle ya kai wa sarki da sarauniya hari lokaci ɗaya, ko ka tura sojan f (wanda ke kan layin f, kusa da sarki) da wuri ka buɗe wa sarkinka ƙofa. Sai ka gama tunani sannan ka kunna.

Amma fa ƙananan lebul ɗin nan ba sa wasa irin na mutum, injin zai yi ta buga mai kyau sai kawai ya miƙo maka sarauniya kyauta, shi ya sa gara ka riƙa haɗawa da wasan minti 10 da mutane.