Tambaya da Amsa: Ana shiga shafin shagona, amma ba a saye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon atamfa, shadda da leshi a Babbar Kasuwar Katsina. Wata huɗu ke nan da na biya wani matashi ya buɗe mini shafin intanet, ya cika shi da Turanci da hotuna masu motsi. Ana shiga, amma har yau ko turmi ɗaya ban sayar ta can ba, ga shi kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Hankalina ya tashi. Ina matsalar take? Daga wata Hajiya, Ƙofar Marusa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Na buɗe shafin naki a wayata, kuma na tabbatar kayanki ba su da laifi. Hotunan ne suka yi nauyi, sai da na gaji da jira kafin su bayyana, alhali tun a 2016 kamfanin Google ya bayyana cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya suna ficewa idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A rage nauyinsu, a cire masu motsin. Turancin ma a mayar da shi Hausa, tunda masu sayenki mutanen Katsina ne da Daura da Malumfashi.

Sai dai babbar cutar ita ce wadda nake fama da ita kullum wajen 'yan kasuwarmu: ƙarƙashin kowane kaya an rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi". Na san hujjojin da ake kafawa. Wasu su ce maƙwabcin shago zai gani ya karya farashi, wasu su ce ai ciniki sai da tayi, wasu kuma su fake da hawa da saukar dala. Maƙwabcin naki, Hajiya, idan yana son sanin farashinki, yaro zai turo ya tambaya kafin azahar. Wadda kika ɓoye wa ita ce mai sayen.

A kasuwa mai saye tana gabanki, ta shafa shaddar, ta ɗaga ta a haske, ta taya, ki ce albarka, har ku daidaita. A shafi kuwa ba kowa sai ita da wayarta. Ki ɗauki matar da ke duba kaya ƙarfe goma na dare bayan yara sun yi barci, tana lissafin ankon bikin ƙanwarta. Ba za ta kira ki a wannan lokacin ba, kuma ko da rana ce, kunya za ta hana ta tambayar abin da take tsoron ya fi ƙarfinta. Mafi muni, za ta zargi cewa gwargwadon muryar mutum ake yanka masa kuɗi. Shi ke nan sai ta koma wurin wanda ya rubuta nasa ƙarara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kiran kansu ƙwararru da ke cewa wai haka manyan kamfanoni suke yi. Su buɗe Jumia, babban shagon nan na intanet, su nuna mini rigar da ba a rubuta kuɗinta ba. Idan dala ce abin tsoro, a rubuta farashin tare da ranar da aka sa shi.

Bayanin kowane kaya kada ya wuce layi uku: sunan atamfar, ko 'yar Holan ce ko ta gida, yadi 6 ce ko 12, launinta na gaskiya, ko tana zuba, sai farashi da lamba, da kuɗin aikawa ta tashar mota zuwa Daura ko Funtuwa. Kirari irin su "babu kamarta a duniya" a bar shi. Lambar WhatsApp kuma ta kasance kusa da farashin, yadda babban yatsa zai kai gare ta ba wahala.

Ki kira matashin nan ya zauna a shagonki ya koya miki sauya farashi da kanki, sannan ki karɓi kalmar sirrin shafin daga hannunsa kafin ki sake biyansa ko kwabo.